Yis a Kunun Kaka

A garin Dayi akwai wata yarinya mai saurin fushi. Kakarta, Tsohuwa, tana fama da kumburin gwiwa tun farkon damina. An ba ta ƙwayoyi a asibitin Malumfashi, amma sauƙin yana zuwa a hankali. Abin ya ƙona wa yarinyar rai ƙwarai.

Wata rana ta leƙa wayar kawunta Murtala. Wani mutum yana ta zuba a bidiyo, wai masana sun gano yis yana rage kumburi. Sarkin gaggawa ba ta tsaya jin ƙarshe ba. Ai mahaifiyarta mai suyar fanke ce, yis kuwa ga shi nan a gwangwani.

Yarinyar ta ɓoye ƙwayoyin a bayan randa. Kowace safiya sai ta zuba yis a kunun Tsohuwa ta dama.

Kafin a ankara, cikin Tsohuwa ya cika da iska. Gwiwar ta ƙara hawa, har ta kasa taka ƙasa. Mahaifiyar ta zo kwaɓa fulawa, ta tarar da gwangwani wayam. Da ta ritsa yarinyar, gaskiya ta fito.

"Ke likita ce?" in ji ta cikin fushi. "Uwata za ki gurgunta mini?"

Yarinyar ta turo baki. "Inna, ai masana ne suka faɗa."

"Rufe mini baki."

Murtala ya ɗauki Tsohuwa a babur zuwa asibiti, su kuma suka bi a mota. Likita ma ya ɓata rai. Ya ce gaskiya ne ana bincike, amma a kan wani sinadari da ake cirowa daga yis, ba yis ɗin fanke ba. Kuma binciken bai kammala ba. Babu masanin da ya ce a jefar da magani.

Yarinyar ta dubi ƙafar kakarta, sai hawaye. Ta durƙusa ta nemi gafara.

Tsohuwa ta ja kunnenta. "Ja'ira, so kika yi in tashi kamar ƙullin fanke?"

Har Inna sai da ta yi dariya. Tsohuwa ta koma shan ƙwayoyinta, sannu a hankali ta miƙe da ƙafafunta.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa rabin labari ba ilimi ba ne. Maganar magani kuwa, likita ake fara tambaya.