Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Layin Dogo

Ranar da abin ya fara, Chizuru tana wanke shinkafar dare, rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu, gari ya yi wannan shirun da yake yi kafin a kunna fitilu. Surukarta Tokiko tana zaune tana ɓare wake. Kaho, 'yar Chizuru mai shekara biyar, tana kwance rub da ciki a kan tabarma tana zane. Sai wani abu ya bugi ƙofar takarda ta ɗakin baya, tas, kamar an jefa ƙwayar shinkafa. Aka ɗan jima, aka sake. A na uku sai ya zubo gaba ɗaya kamar yayyafi.

Chizuru ta goge hannu ta je ta ja ƙofar. Babu kowa. A bakin ƙofa kuwa ga tsakuwa barbaje, 'yan mitsi-mitsi, irin wadda ake zubawa a ƙarƙashin layin dogon wasa. Daga ciki aka jefo ta.

Wannan ɗaki na marigayi Shigeharu ne, surukinta. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gina ƙauyensu a kan wani faffaɗan tebur, ƙauyen Kurumidani da ruwan madatsa ya shanye tun yana saurayi. Gidaje kamar kwalin ashana, tasha guda, jirgin ƙasa mai kaurin yatsa yana zagaye. Ƙasar da ya yi tuddan da ita ta ƙauyen ce, a gwangwanin shayi ya ɗebo ta kafin ruwa ya hau. A bayan tasha akwai wata 'yar rijiya, faɗinta bai wuce murfin kwalba ba, an jera mata ɓarɓashin dutse. Kowace safiya tsohon yakan tsoma tsinken cin abinci a ruwa ya ɗiga mata ɗigo ɗaya. Chizuru ce kaɗai ta taɓa lura, don ita ke kai masa shayi.

Da ya cika shekara da rasuwa, mijinta Norihiko ya shiga saƙe-saƙe: ya bar teburin yadda yake, ko ya ƙara masa tsawo, ko ya rushe ya sake zane. Tokiko ta ce a bar wa mamaci kayansa. Abokansa na ƙungiyar masu jirgin wasa suka yi ta yi masa tsiya, wai jirgin ubansa sai zagaye wuri ɗaya kamar kare na bin wutsiyarsa. A ƙarshe ya yanke zai shimfiɗa sabon layi miƙaƙƙe na jirgi mai gudu, ta bayan tasha. Ran Lahadi ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe wurin ya zama lebur, har da rijiyar.

Chizuru tana tsaye a bakin ƙofa da shayi lokacin da ya yi. Ubanta mahaƙin rijiya ne, ta san ba a cike rijiya haka. Ta buɗe baki, ta rufe. Ita da ta bar makaranta da wuri ta kama aikin gyaran kifi, me za ta koya wa mutumin da ke zana gadoji a ofis? Ta ajiye shayin ta fita.

Kwana uku ke nan kafin jifan.

Daga ranar da aka fara jifan, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da haske ya fara ja baya sai tsakuwa ta soma sauka. Wani lokaci a ji ƙarar guga tana bugun bango a can ƙasa, da tari irin na wanda aka toshe wa baki. Ɗakin baya ya ɗauki warin laka da gansakuka, alhali ko ɗigon ruwa babu a cikinsa. Norihiko ya ce ɓeraye ne, ya sayo tarko.

A rana ta shida Kaho ta ajiye alƙalaminta, ta dafe ƙirji. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe baki tana jan iska kamar kifin da aka jefa kan yashi, leɓunanta suka yi shuɗi. Da duhu ya gama rufa sai numfashin ya dawo. Likita ya auna, ya ɗauki hoton ƙirji, ya ce bai ga komai ba. Amma kullum lokacin shaƙewar sai ya ɗan fi na jiya tsawo. Chizuru ba ta da agogo a hannu, da bugun zuciyarta take aunawa, tana riƙe da 'yan yatsun yarinyar masu sanyi kamar an tsamo su daga randa.

Tokiko ce ta hau dutse ta zo da Gensho, tsohon malamin da ke zaune shi kaɗai a ɗakin ibadar can sama. Mutum ne siriri, mai kurman kunne ɗaya. Ya ƙi shan shayi. Ya sa aka zaunar da Kaho a bakin ƙofar ɗakin baya, ya zuba gishiri a kusurwa huɗu, ya kunna turare, ya zauna yana murza carbinsa yana jiran rana ta faɗi.

Da ta faɗi, yarinyar ta miƙe zaune cak. Wuyanta ya karkace kamar na mai leƙen sama daga cikin rami. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, jiƙaƙƙiya, mai amsa kuwwa.

"Ɗan Shige," in ji ta, idonta a kan Norihiko. "Mai hanci irin na uban. Ka girma ka zama mai binne mutane da rai."

Gensho ya tambaye ta ko wace ce, kuma me take nema a jikin 'yar mutane. Ta ce sau ɗaya aka taɓa nutsar da ita, yaron nan Shige, wato Shigeharu, ya ɗauko ta a gwangwani, ya ba ta wuri, ya shayar da ita shekara talatin da ɗaya. Yanzu an rufe mata baki. Wanda aka hana iska kuwa, a hancin da ya fi kusa yake aro.

Norihiko ya ce zai farfashe teburin yanzu-yanzu ya kai shi bola, kowa ya huta. Dariyar da ta fito daga bakin Kaho ta sa Tokiko ta rufe fuska da hannun riga.

"Fasa mana. Sai in zauna a nan. Ƙirjin nan ƙarami ne, amma akwai ɗumi."

Gensho ya juyo da kunnensa mai ji, ya tambayi Norihiko me ya rufe. Ya ce babu komai, 'yan bishiyoyin soso ne da shinge, kayan wasa kawai. Da gaske bai tuna ba. Malamin ya sake tambayar muryar, ta ƙi faɗa, ta ce wanda ya binne bai san kabari ba, ita ba za ta nuna masa ba. Leɓunan Kaho kuwa sun fara canza launi.

"Rijiya ce."

Kowa ya juyo. Chizuru ba ta taɓa jin muryarta ta fito haka a gidan nan ba. Kanta a sunkuye, ta ce akwai rijiya a bayan tasha, ƙarƙashin sabon layi, tsakanin fitila da gidan mai jan rufi. Ta ce babanta in zai cike rijiya sai ya zuba gishiri da giyar shinkafa, ya yi godiya, sannan ya kafa sandar gora mai rami tun daga ƙasa har sama, don abin da ke ciki ya riƙa numfashi.

"Na gani ran da ka yi, Baban Kaho. Kunya ce ta hana ni magana."

Idon yarinyar ya juyo kanta a hankali. "'Yar mahaƙa," in ji muryar. "Ke ce mai kawo shayi."

Aka shiga ciniki. Muryar ta ce sai an mayar da ƙauyen yadda yake, har bishiya ta ƙarshe. Gensho ya ce masu rai ma suna da haƙƙin gina nasu, ba za a daskarar da gida don ita ba. Ta ce to a ba ta numfashin yarinyar sau ɗaya a wata. Malamin ya bugi tabarma da carbi ya ce ko sau ɗaya a shekara ɗari babu. Turare ya ci rabi. A ƙarshe ta yarda: sabon layi ya tsaya, amma ya lanƙwasa ya kauce mata, a kafa gora, a kuma ɗiga mata ruwa kowace safiya, daga hannun 'yar mahaƙa kaɗai.

"Har yaushe?" in ji Gensho.

"Ran da aka manta, na san hanya."

Norihiko ya ɗauko siririn abin huda. Chizuru ta karɓa. Ta huda farar ƙasar daidai inda ta faɗa, ta sa wani ƙaramin reshen gora da malamin ya yanko a tsakar gida, kaurinsa kamar tsinken tsintsiya. Wata iska mai sanyi ta fito ta ramin da ɗan fito, fitilar ɗaki ta lumshe ta dawo. Kaho ta ja dogon numfashi, ta faɗa jikin kakarta, ta ce yunwa take ji.

Norihiko ya ɓata wata guda yana lanƙwasa layin. Abokansa da suka zo gani suka ce jirgi mai gudu ba ya irin wannan kwana, ya yi murmushi kawai. Jifa ya tsaya. Kaho ta yi ƙiba, ba ta tuna komai.

Chizuru ba ta ƙara kwana a wani gari ba, ko da babanta ya kwanta ciwo, da safe ta je da yamma ta dawo. Wata magariba, Kaho ta yi barci da wuri a kan tabarma, ƙofar ɗakin baya a buɗe. Chizuru ta tsinko gashi ɗaya daga kanta ta riƙe shi a bakin gorar. Gashin ya lanƙwasa ciki, ya dawo waje, ya sake shiga. Ta waiwaya ta dubi ƙirjin 'yarta yana hawa yana sauka. Ta daɗe tana duban wannan, tana duban wancan. Tare suke tafiya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta je ta cika ƙoƙon ruwan gobe, ta ajiye tsinke a kansa, inda idonta zai fara sauka in ta farka.