Fentin Motar Dokta

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Asabar, Mai Fenti yana tsugune a gindin motar da ya zo sata, yana goge mata kashin tsuntsu da gefen rigarsa.

"Kai, me kake yi ne?" Muryar Eriya ce ta fito ta 'yar wayar da ke maƙale a kunnensa.

"Idan ya bushe yana cin fenti."

"Malam, ɗauka muka zo yi, ba wanki ba. Riƙe akwatin nan kusa da ƙofa."

Mai Fenti ya miƙe, ya manna ɗan baƙin akwatin a jikin ƙofar direba. Motar nan shi ya yi mata fenti. Wata bakwai ya yi a kanta. Ruwan lemo ce, irin lemon da ya nuna har ya fara ja, kalar da ya haɗa da hannunsa bayan ya zubar da gwangwani tara. Siririn baƙin layin da ya taso daga fitilar gaba ya mutu a kan fiffiken baya, da buroshi ya ja shi, numfashi a riƙe. Rim baƙi, birki rawaya yana leƙowa ta tsakaninsa, salansa biyu a tsakiya. Kuma a duk watannin nan mai motar, wani likitan haƙori da kowa ke kira Dokta, bai taɓa barinsa ya tuƙa ta ba. Ko gyara mata tsayuwa za a yi a gareji, sai dai a tura ta da hannu.

Wannan ciwon kawunsa ya gano ya danna. Kawun nasa, ƙanin mahaifiyarsa ne, ana ce masa Manaja saboda kwat ɗin da ba ya cirewa, ko da yake ni dai ban san abin da ya taɓa zama manajansa ba. Ranar Laraba ya zo garejin da tsakar rana, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce akwai wani mai son motar a can nesa.

"Ɗungurungum zai saye ta, ko sitika ba za a ɓare ba," in ji shi. "Mutum ne mai daraja abu. Kuma kai za ka tuƙa ta, tafiyar awa biyu."

"Kawu, ba za a taɓa fentin ba?"

"Wa zai taɓa? Don shi ma yake son ta."

Eriya, wanda gyaran waya ne sana'arsa kafin ya ga hanya mafi sauƙi, shi ya yi bayanin aikin. Motocin yanzu ba a zura musu makulli. Yana aljihunka, mota ta ji shi kusa, ta buɗe. Ka danna maɓalli, ta tashi. Akwatinsa ɗaya yana ɗauko siginar makullin daga nesa, ya jefa wa ɗayan, mota ta ɗauka maigidanta ne ya iso.

"Amma fa sau ɗaya ne," ya ce. "Ta tashi, ku yi ta tafiya. Kuka kashe ta, ta zama dutse."

Yanzu ga su. Kowace Asabar masu irin waɗannan motocin, ƙanana masu guntun baya da gudun tsiya, suna haɗuwa a wani wurin shan shayi mai bangon gilashi. Motoci goma sha ɗaya a jere a fili, masu su a ciki, kowa ya zaɓi kujerar da zai riƙa hango tasa. Hirarsu biyu ce tak: rim ɗin wa ya fi dacewa, da yadda ɓarayi ke kwashe motoci ba tare da makulli ba. Wani a firji yake kwantar da nasa makullin. Wani ya naɗe shi da takardar azurfa kamar ragowar abinci. Dokta kuwa gwangwanin alewa gare shi, mai murfi, kuma ya yi imani da gwangwanin nan fiye da yadda ya yi imani da maigadi.

Mai Fenti ya san halinsa. Duk baƙon da ya tambaya, sai Dokta ya buɗe ya nuna.

A ciki, Manaja ya ja kujera kusa da Dokta, ya gyara kwat. "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ni sabo ne a harkar. Wai me ke cikin gwangwanin nan?"

Fuskar Dokta ta washe. "Yawwa, ka yi tambaya mai kyau. Ka ga, muddin yana ciki a rufe, babu na'urar da za ta ji shi. Ni ɓarawo bai isa ba." Ya buɗe murfin, ya ɗaga makullin sama don kowa ya gani. "Amma da na fito da shi haka..."

A teburin baya, Eriya ya matsar da jakarsa da ƙafa.

A fili, fitilun motar suka ƙifta sau biyu. Ƙofa ta saki.

Mai Fenti ya shiga. Kafin ya zauna sai da ya karkaɗe wandonsa. Ya danna maɓallin — injin ya yi gurnani, salansa ta yi tari biyu.

Kai goma sha ɗaya suka juya a tare.

"Wannan ai kukan tawa ce," in ji Dokta a hankali, makullin yana hannunsa har yanzu.

Manaja ya riga ya kai ƙofa. Gudu! Kwat yana tashi a bayansa. Maigadi ya ruga zai sauke sandar ƙofa — Manaja ya zaro bindiga, ya nuna masa.

"Ɗaga, baba! Kana da 'ya'ya!"

Maigadi ya ɗaga sandar, ya ɗaga hannu biyu, har da ƙafa ɗaya. Manaja ya faɗa kujerar gaba. Mota ta fice. Eriya ya biya kuɗin shayinsa, ya hau babur ɗinsa, ya bi wata hanyar daban.

Minti ashirin kafin Sufeton 'yan sanda ya iso, a wata akori-kura da sai kofur ɗinsa ya daki ƙofar kafin ta buɗe. Ya zaro littafi.

"Lambar mota?"

"Za su canja lamba," in ji wani mai gemu. "Ka rubuta rim inci goma sha tara, baƙi, mai ƙafa biyar."

"Shida," in ji Dokta.

"Biyar ne, Dokta, na baya ne..."

"Kala?" Sufeto ya katse su.

"Ruwan lemo."

"Ba ruwan lemo kai tsaye ba," wata mai jar mota ta gyara. "Idan rana ta buge ta tana komawa ja-ja."

Sufeto ya rufe littafin. Shekara ashirin yana aikin nan, bai taɓa ganin waɗanda aka yi wa fashi suna gardama a kan ƙafar rim ba. Amma mai jar motar ta riga ta tura hoto a zauren ƙungiyarsu na waya, mai mutum ɗari huɗu, kowannensu irin wanda ke juyowa idan ya ji kukan salansa. Kafin Sufeto ya koma motarsa saƙo ya fara shigowa. An gan ta a shataletale. An ji ta a kan gada. Wani ma ya rubuta cewa direban ya iya canja giya.

"Ba za su yi nisa ba," in ji Dokta, ya zube a kujera. "Ba na wuce kwatan tanki. Man fetur nauyi ne da shi, yana rage mata tashi."

Kowa ya gyaɗa kai, don duk haka suke yi.

A kan babban titi, Mai Fenti yana cikin daɗin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Motar tana jin magana. Ya taɓa totur kaɗan ta zabura, ya karya kwana ta kwanta. Ya kauce wa rami, ya kauce wa wata tifa mai zubar da tsakuwa, ya ba ta tazara mai yawa.

"Wuce shi mana!" Manaja ya daka tsawa.

"Tsakuwa za ta fasa mini gaba, Kawu. Kuma don Allah ka sauke takalminka daga kan dashbod."

Wayar Manaja ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya juya fuska wajen taga, ya rage murya. Sai dai motar ƙarama ce, babu inda magana za ta ɓuya.

"Muna hanya... Eh, inji da giyabos lafiya lau... Kujerun ma ka cire... A'a, bodin ku yanka kawai, kalar ta cika tsawa, makaho ma zai gane ta... Kafin yamma."

Ya kashe wayar.

"Kawu, me za a yanka?"

"Tuƙi za ka yi."

"Ka ce ɗungurungum."

"Ɗungurungum za ta shiga, gunduwa-gunduwa za ta fito. Kai yaro ne? Wa zai sayi motar da duk gari ya san ta? Ƙarfe ne fa, ɗan nan. Ƙarfe da fenti."

Mai Fenti ya san wurin masu yanka, ya san yadda wutar walda ke bi ta kan fenti, ya kumbura, ya yi baƙi, ya naɗe. Daidai nan fitilar mai ta kama, ta yi ƙara sau uku.

"Wane irin matsiyacin likita ne wannan?" in ji Manaja. "Shiga gidan man can. Kuma kar ka kuskura ka kashe."

Suka tsaya a famfo na biyu. Mai ba da man wata mata ce mai tabarau, ta zo tana goge hannu, ta dubi motar, ta dubi su.

"A kashe inji."

"Zuba haka, Hajiya, sauri muke," in ji Manaja.

"Ba na zuba wa mota tana kunne. Ga shi can a rubuce."

Manaja ya buɗe gefen kwat ɗinsa, ya bar ta ta ga abin da ke ciki. Matar ta ɗauko tiyo. Da an bar ta, da ta zuba.

Mai Fenti ya kalli dogon layin nan baƙi a madubin gefe. Ya sa yatsa a kan maɓallin.

"Ta fi ka gaskiya, Kawu."

Ya danna. Injin ya yi shiru.

Manaja ya kai wa maɓallin duka — sau ɗaya, sau biyu, sau biyar! Allon gaba ya rubuto cewa ba a ga makulli ba. Ya kira Eriya: waya a kashe. Eriya tun a shataletale ya ga hoton motar yana yawo, ya cire layinsa ya jefa a kwata.

"Ka kashe mu!" Manaja ya ɗora masa bindiga a wuya. "Ɗan 'yar'uwata, ka kashe mu a kan fenti!"

"Kar ka harba a nan, Kawu. Gidan mai ne."

Sai ga kukan salansa daga nesa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ja, shuɗiya, fara, rawaya, suka shigo a jere suka toshe kowace mafita. Manaja ya ɓalle ƙofa ya ruga, santsin mai ya kwashe shi, bindiga ta yi gefe. Matar nan ta taka ta da ƙafa, tiyo yana hannunta. Akori-kurar Sufeto ce ta zo ƙarshe, tana hayaƙi.

Mai Fenti ya fito da kansa, ya rufe ƙofar a hankali, ya miƙa hannu biyu.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa kofur, "a sa mini ankwar a can gefe. Kar ta goge jikin motar."

Manaja ya samu shekara goma sha huɗu, saboda bindigar. Eriya an kama shi bayan wata biyu, a kan wata motar. Mai Fenti shekara biyar, alƙali ya ce ya duba cewa shi ya tsayar da motar. Gareji ya rufe. Mahaifiyarsa ta yi wata huɗu ba ta taka gidan yarin ba. Ta ce ba ta san wanda za ta fara kallo ba, ƙanin da ya ja ɗanta ko ɗan da ya ba da ƙaninta. Wannan ya dame shi ƙwarai. Amma idan ya kwanta ya tuna motar tana nan da ranta, sai ya ji da sauƙi.

A wata na shida aka ce yana da baƙo. Dokta ne, da leda cike da buroshi da man goge baki.

"Na zo in yi maka godiya," ya ce. "Ka cuce ni, amma ka cece ta."

"Tana lafiya? Kana wanke ta a inuwa?"

"Lafiya ƙalau. Ai yanzu hankalina kwance yake. Na gano gwangwani ba shi ne maganin ba. Abin da ke jawo ɓarawo, kyau ne." Ya zaro waya, ya manna ta a jikin ragar ƙarfen da ta raba su. "Duba."

Wata mota ce ruwan toka. Babu fiffike, babu layi, rim irin na kowa. Mai Fenti ya daɗe yana kallo kafin ya gane fitilun.

"Ko a kasuwa na ajiye ta babu mai waiwaye," in ji Dokta, cike da jin daɗi.

Idon Mai Fenti ya kawo ruwa, bai ɓoye ba. Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, alamar saura minti ɗaya.

"Dokta, wanda ya yi maka aikin... ya kankare fentin ƙasan ne, ko a kai ya fesa?"

"A kai ya fesa. Ya ce kankarewa ɓata lokaci ne."

Mai Fenti ya share ido da bayan hannu, ya ɗauki ledarsa, ya miƙe.

"To, yana nan," ya ce. "Kar ka sayar da ita. Saura shekara huɗu da rabi."