Karan da Aka Miƙa wa Sallau

Ku matso kusa. Kai Ɗanliti, daina dariya, kai ne za ka fara neman mai raka ka bayan gida. Daga bakin Inna na ji wannan, kuma ta san mutumin.

Sallau sunansa. Shekara talatin yana haƙa kabari a garinsu. Kun san yadda ake yi: a yanko karan dawa, a auna mamaci, a kai wa masu haƙa.

Matarsa Tasalla ta kwanta ciwo, irin mai cin jiki a hankali. A asibiti likita ya ja Sallau gefe, ya ce su koma gida a ci gaba da addu'a. Da farko ana ta zuwa dubiya. Da jinya ta yi tsawo, ƙafa ta ɗauke. Su biyu suka rage, ba ɗa ba jika. 'Yarsu ɗaya ce, ta rasu tana shekara huɗu.

Wata rana yana ba ta koko a cokali, ta riƙe hannunsa.

"Malam."

"Na'am."

"In lokaci ya yi, ka kwantar da ni kusa da yarinyar nan."

Ko a ranar ba ta faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce, kunya ta hana ta tun yarinyar na raye.

Ya ce to. Shi ya haƙa kabarin da hannunsa, a tsohuwar maƙabarta bayan rafi, kuma ya manta wurin. Damina ashirin ta shafe tudun. Ya kasa gaya mata.

Kullum bayan la'asar sai ya tafi nema, shi kaɗai. Rana ta uku ya makara har rana ta faɗi. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai ya hango wata tsohuwa tsugune a gindin aduwa, tana cire ciyawa.

Mace a maƙabarta. Kun taɓa ji?

Ya yi sallama, ta amsa. Tana gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Ya saukar da ido. A ƙarƙashin zanenta ba ƙafar mutum ba ce. Kofato ne, irin na jaki.

"Azumi kake nema," ta ce.

"Ita, 'yata."

"Ga ta nan. Ni ke share mata wuri tun da ka daina zuwa."

Wallahi wannan maganar ta yi masa ciwo fiye da tsoron. Ya tsaya hawaye na zuba, ya kasa ko gudu. Ta miƙo masa kara, yankakke tsaf.

"Riƙe. Wurin zai ishe ku."

Ya aza dutse a wurin, ya juya yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Bai waiwaya ba har ya haye rafi.

Da ya shiga ɗaki ya ce, "Na gyara wurin." Tasalla ta yi murmushi. A hankali ta ce, "Azumi." Ranar kaɗai ya taɓa jin sunan a bakinta. Da asuba ta cika.

Da mata suka gama yi mata wanka, ya aika musu da karan su auna. Ba a jima ba aka dawo da shi.

"Malam, ya yi mata tsawo. Taƙi guda."

Aka yanko wani, aka kai ta kusa da 'yarta.

Bayan sadakar uku masu gaisuwa suka watse. Gidan ya yi shiru, murhu ba wuta. Sallau ya ɗauko karan, ya jingina shi da bango, ya tsaya a gefensa. Daidai kansa, ba ragi ba ƙari.

Inna ta ce bai firgita ba. Ni abin da ke sa ni ƙwalla ke nan. Ranar ya ci tuwo ya ƙoshi, ya nuna wa maƙwabcinsa inda ya ajiye karan a bayan ƙofa. Bai ga sadakar arba'in ɗin Tasalla ba.

To, kun ji. Kada wanda ya bi hanyar bayan rafi shi kaɗai in rana ta faɗi. In kuma tsautsayi ya kai ka, aka miƙo maka kara, kada ka tsaya a gefensa.