Kifin da Ba Ya Mutuwa

Matatar Iri ba ta hutawa. A hawa na tara na Hasumiyar Kifi, a birnin Sabuwar Yawuri, ƙwan kifi ne ke gangarowa ta wani siririn bututun gilashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Shuɗin haske zai ratsa ƙwai ya karanta abin da ke rubuce a ƙwayoyin gadonsa, sai wani ɗan hucin iska ya tura shi dama ko hagu. Na dama a ƙyanƙyashe shi. Na hagu a niƙe shi a yi taki. Ƙwai dubu shida take tacewa a minti ɗaya.

Dakta Kulu Nomau ce ta koya wa na'urar wannan aiki, shekara tara da suka wuce, lokacin da cutar Juwa ke share gonakin kifi tun daga Jabba har Gaya. Ƙwayar bairos ce mai cin hanta. Karfasa za ta yi baƙi, ta yi ta kewayawa a wuri ɗaya kamar mai hajijiya, kwana uku ta taso da ciki sama. Masu kiwon kifin salmon a ƙasashen ƙanƙara sun daɗe da lura cewa ko annoba ta shiga keji, akwai dangin da ba ya mutuwa, har sun gano gurbin da wannan taurin rai yake a gadonsa. Kulu ta aro gurbin ta dasa wa karfasa, ta sa Matatar ta riƙa zaɓen 'ya'yan da suka fi riƙe shi. Aka sa wa sabon kifin suna Gagara. Tun daga nan Juwa ba ta sake kashe kifi ko ɗaya a hasumiyar ba, kuma mutum miliyan huɗu ne ke jefa Gagara a tukunya kullum.

Ran wata Alhamis da hantsi masu gadi suka kira ta, wai wani tsoho na nemanta a ƙofa, ya ƙi shigowa. Ta sauko ta tarar da Kawu Bagudu, wan mahaifiyarta, ɗaya daga cikin Sarkawan da suka rage suna su a kogi. Bayan ta durƙusa sun gaisa, ya buɗe wani jiƙaƙƙen buhu. Ragon ruwa ne guda uku, sun yi baƙi ƙirin.

"A ƙasan bututunku na tsince su," in ji shi. "Jiya kurungu ne. Shekaranjiya bargi."

"Kawu, Juwa karfasa kaɗai take kamawa. Ruwanmu kuma sai an tace shi yake fita."

"Ni ban ce naku ba ne. Na ce a ƙasan bututunku na tsince su."

Ya miƙa mata buhun, ya juya ba tare da ya jira ko ruwan sha ba.

Kafin azahar gwaji ya fito. Juwa ce, amma ba wadda Kulu ta sani ba. Ta sauya a wurare goma sha ɗaya, ta ƙara kauri a ɓawonta, har tana iya tsallake fitilun da ke kashe ƙwayoyin cuta a bakin bututu. Kulu ta sake duba sakamakon. Ƙwayar cuta ba ta sauyawa haka a banza. Sai ta samu jikin da za ta daɗe a ciki tana hayayyafa. Wane jiki ne?

Ta ɗora yatsa a allo ta nemi rahoton ruwan tankuna. Allon ya ce ba ta da izini. Ta goge yatsan ta sake. Haka dai. Ita da ta kafa sashen gwajin ruwan. Sai a lokacin ta tuna cewa shekara biyu ke nan rahoton mako yake zuwa mata a taƙaice, layi ɗaya tal: kifi lafiya lau. Ta tuna yadda aka ɗauke ɗakin gwajin ruwa daga hawanta aka mayar hawa na ashirin, kusa da ofishin shugaba, aka ce don a sauƙaƙa mata aiki. Har godiya ta yi.

Ta ɗaga kai ta dubi ma'aikatanta ta gilashi. Kowa ya duƙufa a kan aikinsa. Ɗaya ta ɗago, suka haɗa ido, ta yi saurin sunkuyawa. Kunya ce ko sani? Kulu ta kasa rabewa. Shekara tara tana cin tuwo da mutanen nan, yau ba ta ga wanda za ta iya tambaya ba.

Ba ta nemi kifi daga tanki ba, don duk wanda aka ɗebo sai an rubuta sunan mai nema. Ta sauka ɗakin cin abinci ta ce a ba ta ɗanyen Gagara biyu, za ta yi farfesu a gida. Ta hau da su a jakarta, ta rufe ƙofa, ta fede su. Kifi kyawawa, ido tar, tsoka ja. Ta yanki hanta ta sa a na'ura.

Adadin ƙwayar Juwa da ya fito ya ninka wanda ke kashe karfasa sau ɗari biyu.

Nan ta gane. Hanya biyu ce jiki ke tsira daga cuta. Ko ya kashe ta, ko ya koyi zama da ita. Gagara bai taɓa kashe Juwa ba. Masauki ya ba ta. Kowane tanki a hasumiyar ɗakin raino ne, cutar tana ci tana ƙiba tana gwada sabbin makamai a kan jikin da ba ya faɗuwa, har ta samu wanda zai kayar da duk wani kifi da ba Gagara ba.

Alhaji Sallau Maiyaƙi, shugaban hasumiyar, bai yi mamakin ganinta ba. Ya nuna mata kujera, ya kashe na'urar ɗaukar magana da ke tebur, abin da ya ƙara tayar mata da hankali.

"Yallaɓai, tun yaushe aka sani?"

"Wata ashirin da shida."

"Wa ya taɓa mini Matatar Iri? Wa ya sauya abin da take zaɓa?"

"Dakta, wata uku na yi ina neman mutumin nan. Har ke na sa an bi sawu." Ya juyo mata da allo. "Ga umarnin da take aiki da shi. Ba a taɓa ko wasali ɗaya ba."

Ta karanta. Rubutunta ne, na shekara tara baya, lokacin da ake kwasar gawar kifi da motar shara: a zaɓi dangin da ya rayu bayan kamuwa. Ba ta ce wanda ya warke ba. Ba ta ce wanda jininsa ya tsarkaka ba. A wancan lokacin ba ta ga bambanci ba.

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Da kin ce a rufe. In an rufe, ranar Asabar me mutanen garin nan za su ci? Cutar ba ta kama ɗan Adam, wannan mun tabbatar."

"Ba ta kama ragon ruwa ma, bara."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce akwai mafita, kuma ita kaɗai za ta iya. A samo ƙwan kifayen kogi masu tsabta, kowane iri, a dasa musu gurbin nan, a tace su, a mayar kogi. Ragon ruwa ya zama Gagara, kurungu ya zama Gagara. Babu wanda zai sake mutuwa.

"Kuma kowannensu ya zama sabon masauki," in ji Kulu.

"Ko haka, ko kogi babu kifi. Kawunki ya san inda suke zuba ƙwai. Jiragen leƙenmu marasa matuƙi sun yi wata shida suna nema ba su gani ba."

Ta fita tana tunanin yadda aka yi ya san kawunta.

Mako biyu tana juya maganar. A tsakanin nan gawar kifi ta kai har garin Shagunu. Ta lissafa ta kowace fuska, ba ta ga wata hanya ba, sai ta ɗauki akwatin sanyi ta tafi bakin kogi da sassafe.

Ta samu Kawu Bagudu zaune a gindin jirginsa yana ɗinkin taru. Iska na kawo wari daga gaɓar yamma. Ta zauna a kan wani kututture ta gaya masa komai, har da layin da ta rubuta. Bai katse ta ba.

"Wato kifinki ba shi da lafiya, bai dai sani ba."

"Haka ne, Kawu."

"Yanzu kuma kina so na kogi su zama kamarsa."

"Ina so su rayu. Inna ta ce akwai wata fadama a saman kogi, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga dutse, kakanninmu ba sa jefa taru a ciki. Idan cutar ba ta kai can ba, ƙwai kaɗan zan ɗiba."

Tsohon ya ɗaura zare ya yanke da haƙori. Ya dubi akwatin sanyin, ya dubi ɗan maɓallin da ke ƙyalli a wuyan rigarta, wanda duk ma'aikacin hasumiya ke maƙalawa. Sannan ya dube ta. Ta san wannan kallon. Shi ta yi wa ma'aikatanta ta gilashi.

"Tsufa ya zo, Kulu," in ji shi. "Na manta hanya."

"Kawu."

"Wancan karon ma rayuwa kika so musu."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Mutumin da ke iya faɗin sunan kowane dutse daga Yawuri zuwa Bussa bai manta komai ba, kuma bai damu ta gane ba. Ta ga laka ja a kan filafilinsa na tuƙin jirgi, irin wadda babu ita a wannan gaɓa. Da ta kankari ɗan kaɗan, na'ura za ta faɗa mata inda ta fito kafin la'asar.

Ta daɗe tana kallon lakar. Sannan ta miƙe, ta ɗauki filafilin, ta tsoma shi a ruwa ta wanke tas, ta jingine masa.

A hanyar komawa ta aika wa Alhaji Sallau saƙo cewa fadamar ta ƙafe tun shekaru. Ba ta san ko ta ceci kifayen nan ba ne ko ta bar su ga mutuwa. Amsa ta shigo kafin ta kai ƙofar hasumiya: an gode, an kuma ƙara jiragen leƙe goma.