Mai Gahawa da Furen Tsohuwa

A wani zamani an yi wani mai sayar da gahawa wanda ba ya son a yabi kowa sai shi. Kusa da rumfarsa wata tsohuwa ta dasa jan fure mai suna jeraniyam a kasko. Duk wanda ya zo sai ya yabi furen, ba mai cewa gahawa ta yi daɗi.

Abin ya yi ta cin ransa. Ya ce, "Abin da ke da ɗaci a baki ai zai ƙone saiwa." Kullum da safe sai ya faki idon tsohuwa, ya barbaɗa guggubin gahawa a kaskon, ya rufe da ƙasa, yana cewa, "Mutu, ɗan banza." Fure ya ƙara ganye. Ya sake barbaɗawa, yana cewa, "Mutu, ɗan banza." Fure ya ƙara ja.

Ran nan tsohuwa ta same shi cikin jama'a, tana riƙe da ƙaramin kasko. Ta ce, "Ɗana, kullum ina hangenka kana ba furena taki a ɓoye, ba ka son godiya. Ga reshe na dasa maka."

Jama'a suka yi ta sa masa albarka, shi kuwa ji yake kamar an watsa masa barkono. Ya karɓa. Ya so ya rotsa kaskon, amma ido ya yi yawa. Dole ya ajiye shi a gaban rumfa, inda in ya bushe kowa zai gani.