Littafin da Ya Koma da Kansa

A Matameye akwai wani dattijo manomin rake, Alhaji Illa. Abu biyu kowa ya sani game da shi: yana son miyarsa da gishiri, kuma ba ya son a ce masa ba shi da lafiya.

Wata rana bayan azahar ya kai lomar tuwo baki, ya tauna, ya janye hannu daga kwano.

"Hajiya, wa ya yi miyar nan?"

"Badariyya ce," in ji matarsa Hajiya Kaltuma, ba ta ɗago ba.

"Yau sati biyu ke nan. Gishiri ya ƙare a kasuwa ne, ko a gidana kaɗai ya ƙare?"

Abin da Alhaji bai sani ba, asirinsa ya riga ya fita. A watan jiya likita ya ce masa tansiyo gare shi, jininsa ya hau, ya rage gishiri. Ya dawo gida ya sa Hajiya ta yi alkawarin ba za ta gaya wa yara ba, ya kuma ci gaba da cin abin da ya saba. Hajiya ta kasa riƙewa, ta raɗa wa 'yarsu Badariyya a madafa.

Ita kuwa Badariyya, an riga an karɓi goron neman aurenta daga dangin Muntaka, saura sa rana. Muntaka ma'aikaci ne a ɗakin karatu na gari, wanda samari ke kira bibliyotek. A bana aka kawo musu sabon abu: littattafai na aro da ke shiga cikin salula, na labari da na ilimi. Mutum ya karanta sati biyu, ranar da wa'adi ya cika littafin ya koma da kansa. A can Badariyya ta aro wanda ke koyar da girkin masu hawan jini, ta dinga dafa wa babanta a ɓoye.

"Kira min ita," in ji Alhaji.

Badariyya ta zo ta durƙusa.

"Kullum ina ganinki, hannu ɗaya da ludayi, ɗaya da salula. Yaron nan ke ɗauke miki hankali har ki manta da gishiri?"

"A'a, Baba. Littafi nake karantawa."

"To, mu ga littafin."

Ta buɗe salula. Da safiyar nan wa'adin ya cika. Babu komai a wurin.

"Baba, ya koma."

"Ya koma ina?"

"Bibliyotek. Na aro ne."

"Da ƙafa ya tafi, ko moto ya hau?" Alhaji ya gyara zama. "Na yi aro a duniya, Badariyya. Na ari jaki, na ari garma, na ari tsani. Kowanne da hannuna na mayar, na yi godiya. Ban taɓa ganin kayan aro sun kama hanyar gida su kaɗai ba. Gogewa kika yi. In ba haka ba, gaya min sunan littafin."

Badariyya ta saci kallon mahaifiyarta. In ta faɗi sunan, ta tona Hajiya. Ta sunkuyar da kai.

"Shi ke nan. A aika wa kawunnan Muntaka kada su zo sa rana ran Juma'a. Shi ma kada in ƙara ganinsa a ƙofata. Wanda ya koya wa yarinya goge saƙo tun tana gidan ubanta, me zai koya mata a gidansa?"

A ɗaki Badariyya ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Hajiya ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Bari in je in faɗa masa. Ni na ja miki."

"Inna, kada ku faɗa. In ya sani zai yi fushi da ku, ya daina cin abincin gidan nan, ya koma wa tsiren bakin tasha. Gara a ce ni ce mai mantuwa."

"Auren fa?"

Ta goge ido da gefen mayafi. "In nawa ne, zai jira."

Amma Alhaji Illa mutum ne da ba ya iya barin tambaya ta kwana a ransa. Kwana uku yana juya maganar littafin da ke tafiya da kansa. Ran na huɗu ya sa babbar riga ya nufi ɗakin karatu, ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Muntaka na ganinsa ya miƙe tsaye, ya rusuna.

"Barka da zuwa, Baba. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wane littafi 'yata ta ara a nan?"

Muntaka ya san amsar, yana kuma ganin aurensa a cikinta.

"Baba, ku gafarce ni. Abin da mutum ya ara amana ce, ba ma faɗa wa kowa."

"Ni ne kowa? Ni na haife ta."

"Haka ne, Baba. Amma ko ku kuka ara, ita ta zo tambaya, ba zan faɗa mata ba."

"Ka san abin da wannan amsa za ta ja maka?"

"Na sani."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya zaro salularsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"To, ara min ɗaya. In sati biyu ya cika ya tafi ban taɓa shi ba, na ji. In ya zauna, kai da ita kun yi ƙarya."

Muntaka ya yi masa rajista, ya nuna masa jerin sababbin da suka shigo: labaran soyayya, kiwon kaji, tarihi, gyaran famfo. Alhaji ya taɓe baki, har idonsa ya sauka kan wani na Hausa, labarin ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri a Bilma.

"Kakana ya yi wannan tafiya," ya ce a hankali. "Amma baƙaƙen sun yi ƙanana."

Muntaka ya ja yatsu biyu a fuskar salular, rubutu ya yi manya. Alhaji ya ɗan ja baya.

"Sake yi in gani."

Da farko gadi kawai yake yi. Kowace safiya ya buɗe ya duba, ya ce wa Hajiya, "Yana nan, bai motsa ba." Bokonsa na yaƙi da jahilci ne, yana bin layi da yatsa, shafi ɗaya sai ya ɗauke shi rabin hantsi. Amma kafin sati ya cika, sai ga shi yana tafiya da salula har fadamar rake. Yana cin miyar Badariyya ba tare da ƙorafi ba, don hankalinsa yana wajen madugu da rijiyar da aka tarar ta kafe. Badariyya kuwa ta rame. Ba ta aika wa Muntaka ko gaisuwa ba, shi ma bai keta dokar ba.

Ranar sha biyar da safe, Alhaji ya zauna a inuwar bishiyar bedi, ya buɗe salula. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya girgiza ta.

"Hajiya! Ya tafi!"

"Wa ya tafi?"

"Littafin. Ayari yana tsakiyar hamadar Tenere, saura salka biyu ta ruwa, ya kama hanya ya tafi."

Hajiya ta rufe baki da mayafi. "Ko dai gogewa ka yi, Alhaji?"

Alhaji ya kira Muntaka a waya, babu ko doguwar gaisuwa.

"Maido min shi."

"Baba, akwai mai jira a garin Dungu, yau ya shiga hannunsa. Na sa sunanku a layi."

"Wane ne a Dungun? Na san mutanen Dungu duka."

"Baba, amana ce."

Alhaji ya kashe waya. Can ya ce a kira Badariyya.

"Na zarge ki da abin da ba ki yi ba," ya ce, yana kallon ƙasa. "Naki ma haka ya tafi. Amma me ya hana ki faɗin sunansa?"

Kafin ta buɗe baki, Hajiya ta ce, "Aro shi kuma ki nuna masa. Ni na gaya mata, Alhaji. Na karya alkawari, ita ta ɗauki hukuncin."

An yi sa'a ba kowa a layin littafin girkin. Badariyya ta ƙara girman rubutun ta miƙa masa da hannu biyu. Ya bi sunan da yatsa, baƙi bayan baƙi, ya kai ƙarshe, ya sake komowa farko. Ya ɗaga kai sama kamar mai neman wani abu a cikin ganyen bedi.

"Ashe ba mantuwa ba ce."

"A'a, Baba. Da tafarnuwa da citta nake cike gurbin."

"Wata guda ina zagin miyar da ke riƙe da raina." Ya share ido da hannun riga. "Hajiya, a aika wa kawunnan yaron nan su zo ran Juma'a. Na tsaya a kansa da aurensa a hannuna, ya ƙi ba ni sirrin 'yata. Irin wannan ba zai kai sirrin gidansa kasuwa ba."

To, 'yan'uwa, haka aka yi. Badariyya ta rufa wa uwarta asiri, Muntaka ya riƙe amanar aikinsa, dukansu sun yi haƙuri a kan abin da suke so, Allah kuma bai bar su sun rasa ba. Iyaye ma su ɗauki nasu: abin da ba ka gane ba, ka je ka gani tukuna kafin ka yanke wa yaro hukunci.

An sa ranar biki sai bayan kaka. Mutumin Dungu kuwa ya cika sati biyunsa cif. Ranar da littafin ya dawo, Alhaji ya zauna da kwanon miyarsa marar gishiri a gabansa, ya raka ayarin har Bilma.