Sharaɗin Kwana Arba'in

Naja'atu na tsakar gidansu a Wagini tana gyaran wake, Baffa Labaran ya jingine babur ya shigo fuska murtuk. Shi aka tura Zakka binciken aure a kan Mannir, malamin firamaren da za ta aura bayan kaka. Baffa kuwa bai iya ganin abu ya tambaya ba, hukunci kawai yake yankewa.

"Yaya, ɗan ƙwaya ne!" ya ce wa mahaifinta, Malam Nu'uman. "Da idona na gan shi shina haɗiya da koko, an ce kullum safe haka!"

"Baffa, magani ne!" Naja'atu ta saki faifai, wake ya watse. "Tun da 'yan bindiga suka riƙe shi kwana ashirin a daji yake fama da ciwon damuwa. Dokta ne ya rubuta mashi—"

"Rufe mani baki!" in ji Malam. "Ba ni ba mashayi ɗiyata. Ya bari kwana arba'in, in ya gaza a maida masu kayansu."

Kaico, so! Ranar da saƙon ya isa, Mannir ya juye maganin a masai, bai shawarci kowa ba. Bayan kwana biyar jiri ya kama shi, barci ya ƙaurace masa. Sati uku ya kasa shiga aji. Wata hantsi ya kira ta a waya, murya can ƙasa.

"Sori, Naja. Ki yafe mani, na gaji da duniyar nan."

Tsoro ya kama ta har cikin ƙashi. Ko takalmi ba ta saka ba ta zube gaban mahaifinta tana kuka.

"Baba, ba aure nike roƙo ba yanzu — a fasa! Na haƙura! Amma don Allah a kai shi asibiti. In ya mutu mi za mu ce wa Ubangiji?"

 Da kansa Malam ya hau babur zuwa Zakka, ya tarar da yaron ya rame kamar kara, ya kai shi asibiti a Katsina.

"Malam, wannan maganin ba ya bugarwa," in ji likita. "Sai ya yi makonni kafin ya fara aiki, kuma ba a yanke shi rana ɗaya ko mutum ya ji sauƙi. Likita ke rage shi sannu-sannu. Da kun ƙara kwana, Allah kaɗai ya san abin da zai faru."

Dattijon ya riƙe hannun Mannir, hawaye na bin gemunsa. "Ɗana, da bakina na kusa kashe ka."

Wata huɗu Naja'atu ta jira, Mannir na shan maganinsa yadda aka tsara, har ya koma aji. Sannan aka ɗaura aure, Baffa Labaran ne ma ya yi walicci, kansa a sunkuye.

Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, shan maganinsa ba abin kunya ba ne. Abin da likita ya ɗora, likita ke saukewa — ba suruki ba, ba masoyi ba.